Katafila a Gonar Tudu

Lyon, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Reine da ciwon gwiwarta, da duk wanda ya rage a Valmaure da zai amsa gaisuwata.

Na koma ga takarda da biro ne saboda duk lokacin da na kira ka, kana kashe waya tun ban gama gaishe ka ba. Takarda kuwa ko za ka yaga ta, na san sai ka karanta tukuna.

Magana biyu ce, kuma gara ka ji su daga bakina.

Ta farko, kamfaninmu ba zai sake sayen jar giya daga ƙungiyar manoman Valmaure ba a baɗi. Ina cikin ɗakin da aka yanke shawarar. Ba ni na kawo maganar ba, amma ban yi musu ba, don babu abin musu. Baba, ni nake zagaya kantunanmu, ni nake ganin kwalaben suna cin ƙura a kan kanta. Mutanen da suke shan jar giya da abincin rana kowace ranar Allah sun tsufa, wasu suna kabari. 'Ya'yansu farar giya mai sanyi suke so, ko giyar sha'ir, ko ma ruwan lemo kawai. Mutanen Sin da suka yi ta kwasa shekarun baya sun ɗauke ƙafa. Amurka kullum da sabon haraji. Tankunan ƙungiyarku cike suke da giyar bara, ga ta bana ta shigo a kanta. Ka fi ni sanin wannan.

Ta biyu ita ce mai zafin. Gwamnati tana biyan duk wanda ya yarda ya tumɓuke gonar inabinsa bai sake dasawa ba. Gonar tudu, wadda Mama ta bar mini, zan shigar da ita cikin shirin. Na san kai kake noma ta tun rasuwarta, na san kuma kakanta ne ya dasa kuringar inabin da ke ciki. Amma shekara nawa ke nan ba ta mayar da ko kuɗin feshi ba? Kana hawa tudun nan da shekara saba'in a kanka, kana yi wa asara hidima. Sauran gonakin kwari naka ne, ba ni da ta cewa a kansu.

Ba izini nake nema ba. Ina sanar da kai ne don kada ka ji a shagon burodi.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Maguelone


Valmaure, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Madam Cabrol, babbar mai sayen giya ta manyan kantuna,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kika tuna da mu daga hawa na sama. Muna nan lafiya, gwargwadon yadda mutanen da aka yanke wa hukunci suke zama lafiya.

Kin makara. Na riga na ji, kuma ba a shagon burodi ba. A taron ƙungiya na ji. Rouanet, shugabanmu, ya miƙe da takardar kamfaninku a hannu ya karanta mana ita tun daga sama har ƙasa. Da ya zo ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce, "Akwai sa hannu biyu. Ɗaya ban san mai shi ba. Ɗayan kuwa ina jin Firmin zai iya karanta mana."

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Théron maƙwabcina ya ce, "Firmin, ashe makarantar 'yarka da muka yi ta yi maka barka a kanta, wannan aka koyo?" Na ce masa, "Kai da ka tumɓuke taka tun bara ka sayi mota, rufe mini baki." Aka yi dariya, amma ba da ni ba.

Kin ce babu mai shan jar giya. To tankokin Sifaniya da ke wucewa ta babbar hanya safe da yamma, madara suke ɗauke da ita? Jar giya ce, ta arha, ku kuke sayenta ku zuba a kwalba mai hoton hasumiyar coci da zanen zakara, mai saye ya ɗauka ta ƙasarsa ce. Ba shan ne ya ƙare ba, kunya ce ta ƙare.

Game da gonar tudu. Uwarki ta bar miki ita ne don ta ɗauka jininta ne a jikinki. Kuringar nan ta ga yaƙi biyu, ta ga farin da ya kashe rijiyoyin garin nan, ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba. Yanzu ke za ki sa mata hannu daga kan kujera mai juyawa. Kin ce ba ta mayar da kuɗin feshi. Ke kin mayar da naki? Ban taɓa zama na yi lissafin ba, amma tunda lissafi ne yaren gidanku yanzu, sai mu fara.

Ranar da katafila za ta hau tudun nan, ki zo da kanki. Za ki same ni kwance a gabanta, sai ki gaya wa direban ta inda zai bi.

Gwaggonki ta ce in gaishe ki. Na isar.

Firmin Cabrol,
manomin inabi


Lyon, Janairu

Baba,

Ina gaishe ka, da fatan ka shiga sabuwar shekara lafiya. Ba sai na tambayi ƙarfin jikinka ba, na gan shi da idona a talabijin.

Ni da duk ƙasar Faransa mun gan ka a shingen da manoma kuka kafa a hanyar Sifaniya, da hularka ta kullum, kana riƙe da ƙarfen da aka ɓalle bakin tanka da shi. Mun ga giya tana malala a kan kwalta har ta kai idon sawunka, kana dariya. Ban ga dariyar nan ba tun ina ƙarama. Mun kuma ga direban, wani bawan Allah daga Valencia da bai san hawa ba bai san sauka ba, zaune a gefen titi ya dafe kai.

Tankar tamu ce. Ina jin ka sani, don an ce kun bar wasu sun wuce kafin ku tare wannan.

Washegari maigidana na ofis ya kira taro. Ya kunna hoton, ya tsayar da shi daidai kan fuskarka, ya ce, "Maguelone, wannan dattijon an rubuta sunansa Cabrol. Sunan ya yi yawa a kudu ne, ko kuwa?" Na ce, "Mahaifina ne." Ya ce, "To ki gaishe shi. Ki ce masa hannunsa da ƙarfi." An ɗauke ni daga sayen giyar kudu gaba ɗaya. Yanzu ruwan kwalba da lemo nake saya. Shekarun da na yi ina koyon aikin nan, ina jure ana kwaikwayon harshena na ƙauye a ofis, ka zubar da su a titi tare da giyar.

Abin da ba ka sani ba shi ne, ni kaɗai ce a ɗakin nan da nake ƙoƙarin a bar wa Valmaure ko da cinikin farar giya. Yanzu babu mai ambaton sunan garin sai an yi tsaki. Ka gaya wa Rouanet wannan ma ya karanta muku a taro.

Na sa hannu a takardar tumɓukewa. An amince. Katafila za ta zo a watan Maris. Ba zan zo ba. In ka kwanta a gabanta, ka sa riga mai kauri, ƙasa tana da sanyi a lokacin.

Maguelone


Valmaure, Maris

Maguelone,

Gaisuwa. Aikinki ya kammala, na ga ya dace a kawo miki rahoto, tunda haka ake yi a wajenku.

Ban kwanta ba. Na je da niyyar, amma da na ga direban sai na tarar ɗan Pujol ne mai gareji, mutum da iyali, wanda ya ce mini tun kaka bai yi wani aiki ba sai wannan, daga wannan gari zuwa wancan. Ya sauko ya cire hula ya ce, "Kawu Firmin, ka yi haƙuri, ko ka koma gida ne har in gama?" Na ce, "Yi aikinka. Ina so in gani."

Na tsaya na gani. Kuringogin ba sa fita da sauƙi. Saiwarsu ta yi nisa cikin dutse, injin yana ta gurnani, in ɗaya ta fito sai ka ji ƙara kamar an ɓalle ƙashi. Kafin la'asar an tara su tsibi-tsibi an cinna wuta. Matan gari sun zo da amalanke suna tsintar na gasa nama. Ban hana su ba, ai ba nawa ba ne.

Yanzu daga tagar ɗakin girki tudun fili ne fetal, ya haɗe da na Théron da na 'yan Sabatier. Kafin rani duk zai zama ciyawa da ƙaya. Babu mai nome shi, don gwamnati ta biya kuɗin cirewa, ba ta biya na kula ba.

A cikin kwalin da ya zo da wasiƙar nan akwai kututture ɗaya. Ki ajiye a kan teburinki kusa da ruwan kwalba.

Ba sai kin zo Ista ba. Ba mu da wurin baƙi bana.

F. Cabrol


Valmaure, Agusta

'Yata Maguelone,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya. Gwaggonki Reine ce. Na kira ki mun yi magana ranar da abin ya faru, amma kina kuka ina kuka, babu wadda ta ji 'yar'uwarta. Bari in rubuta miki yadda aka yi, don abin da kika gani a labarai hayaƙi ne kawai da jirage.

Wutar ta taso ne daga bayan duwatsu da tsakar rana, iskar nan tamu tana kaɗa ta. Mun ɗauka za ta tsaya a tudu kamar yadda ta saba. Tun ina yarinya wuta takan zo bakin gonakin inabi ta lashi layi biyu ko uku ta mutu, don kuringa ɗanya ce kuma ƙasan a nome yake. Bana ba ta sami abin da zai tare ta ba. Ta bi ta filin Théron, ta bi ta naki, ciyawar ta kai ƙugu kuma ta bushe ƙayau. Ban gama sa takalmi ba ta iso bayan gidan ubanki.

'Yan kwana-kwana sun ce kowa ya fita. Kowa ya fita sai shi. Na ce, "Firmin, shiga mota." Ya ce, "Tafi ke, ina zuwa." Ashe rumfar tarakta ya nufa. Ya fito da ita, ya sa garma, ya yi ta kai da kawowa tsakanin rumfar da gonakin kwari yana buɗe ƙasa. Rumfar ta kama, wani katako ya faɗo, ya sa hannu biyu ya ture shi. Rouanet ne ya janyo shi.

Wutar ta tsaya a gonakinsa na kwari. Ta cinye gefe ɗaya, sauran suka tare ta. Ba don su ba, da makaranta da coci da layinmu duk sun tafi. Gidan Théron ya ƙone ƙurmus, da sabuwar motar. Gidan ubanki ya tsira, bangon baya ne ya yi baƙi.

Yana asibiti a Narbonne, hannuwan a naɗe har gwiwar hannu. Ni nake ba shi abinci a baki, yana zagina tsakanin loma da loma. Jiya mai ɗanɗanon ƙungiya ya zagaya gonakin, ya tauna inabin ya tofar. Ya ce duk ya sha hayaƙi, giyarsa za ta yi warin toka, ba za a karɓi ko kwando ɗaya ba. Ban gaya wa ubanki ba tukuna.

Ba zan ɓoye miki ba, a gari ana cewa ta gonarki wutar ta shigo. Na ce wa matar Sabatier, "Taki gonar fa, da furanni kika shuka a ciki?" Ta juya ta tafi. Amma ni ma da na kalli tudun, raina ya ɓaci da ke. Shi ma ya ɓata mini rai. Kanku ɗaya, ku biyun, dutse ne.

Ki zo ki gan shi. In ya kore ki, ya kore ki, amma ki zo.

Taki,
Gwaggo Reine


Lyon, Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Gwaggo ta ce an sallame ka, kuma ka fara riƙe cokali.

Na yi tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa na zo asibiti, ka juya fuska bango. Na zauna har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Kalma ɗaya ka faɗa, ita ma ga ma'aikaciyar jinya: "Rufe taga." To tunda bango ba ya karatu, ga takarda.

Ba zan ɗauki wutar nan a kaina ba. Rabin kwarin an tumɓuke shi kafin in taɓa tawa. Ba ni na hana ruwan sama ba, ba ni na hana mutane shan giyarku ba. Kuma tunda kana son kiran sunan Mama, mu kira shi. A gonar tudun nan ta yi ta askin kuringa cikin sanyi har yatsunta suka lanƙwashe. Ba ta taɓa ganin teku ba sai daga tagar asibiti, alhali tekun yana nan kusa da ku. Ita ta ce mini, "Yi karatu ki fita." Kai ba ka ji ba, kana gona.

Yanzu maganar aiki. Tun da aka nuna Valmaure a talabijin, masu saye suna shiga kantunanmu suna tambayar giyar garin. Na shiga ofishin maigidana ba tare da an kira ni ba, na ce masa tankunan ƙungiya cike suke da ta bara da ta bara waccan, lafiyayya, hayaƙi bai taɓa ta ba. Ya yarda zai kwashe duka, a farashin da ba ku gani ba tun ina makaranta. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Yana son hotonka a jikin kwalbar, kai da taraktar, da rubutu cewa wannan ne mutumin da ya tare wuta.

Na san abin da za ka ce. Kafin ka faɗa, ka tuna iyalai nawa ne ba su da girbi bana. Wannan kasuwa ba za ta daɗe ba. Kafin Kirsimeti wani garin zai ƙone ko ya nutse, a manta da ku.

Allah ya ƙara sauƙi.

Maguelone


Valmaure, Nuwamba

Maguelone,

Gaisuwa. Rubutun na Reine ne, maganar tawa ce. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in ta gyara zan gane.

Giyar da kika ce tana cin ƙura, wadda babu mai sha sai matattu, ita ce dai yanzu kuke rububi. Ba a ƙara mata komai ba, ba a rage ba. Ashe abin da ta rasa tun farko shi ne fatar hannuna.

Na ce a'a a taro. Na ce ba za a manna fuskata a kwalbar mutanen da suka yi mana korar kare ba. Théron ya miƙe, cikin rigar da coci ta ba shi, ya ce, "Firmin, kai kana da rufi a kanka. Ni a ɗakin surukata nake kwana. Fuskar taka ta zinariya ce?" Aka ɗaga hannu, kowa ya ɗaga sai ni, nawa ma ko na so ba ya ɗaguwa. Mai hoto ya zo daga Lyon. Ya ce in yi murmushi. Za ki ga abin da ya samu.

An ce kwalaben sun ƙare cikin mako biyu, an kuma ce an mayar da ke kujerarki. Barka. Kin ga ashe ni ma ina da amfani a kasuwa, sai dai a gashe.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ce yatsun ba za su ƙara matse almakashi ba. Askin kuringa yana farawa wata mai zuwa, kuma ba ni da abin ɗaukar ma'aikata bayan shekarar da ba girbi. Rouanet ya kawo mini takardar tumɓukewa har gida, ya ajiye a tebur kamar mai kawo ta'aziyya. Ban taɓa ta ba.

Na je wurin lauyan gado a Lézignan. Na ba ki gonakin kwari duka, kyauta, tun ina raye. Takardun suna hanya, sa hannunki kawai suke jira. Kada ki ɗauka sulhu ne. Ke ce kika san kasuwa, ke ce kika san abin da mutane za su sha baɗi. To ga su nan. In kin tumɓuke, kin san abin da zai tsaya tsakanin wuta ta gaba da makarantar garin nan: babu. In kin bari, za ki yi ta zuba albashinki a rami kamar yadda na zuba raina, kina jin wata a waya tana gaya miki asara kike yi wa hidima. Na ɗauki wannan zaɓin a kaina shekara da shekaru kina kallona kamar wawa. Yanzu ɗauki ki ji nauyinsa.

In kin ƙi karɓa ma amsa ce, zan sa Rouanet ya karanta ta a taro.

Ubanki,
Firmin

(Maguelone, ni ce Reine. Na rubuta duk yadda ya ce. Da ya gama ya fita ya tsaya a bakin gona har abinci ya huce.)


Lyon, farkon Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Takardun lauya sun iso.

Na ɗauki hutun mako biyu. Zan sauka Narbonne ranar Asabar, kada ka zo tasha, zan hau bas. A ɗakin Gwaggo zan kwana. Ka gaya mata ta nemo almakashi mai kaifi da safar hannu. Zan fara daga gefen da ya ƙone, in ga abin da ke da rai. Kana iya tsayawa a bakin layi, amma in ka ce mini ba haka ake yi ba, zan ajiye in koma.

Abin da zan yi da gonakin bayan nan, ban yanke ba. In na yanke, kai ne na ƙarshe da zai ji.

Na sa hannu.

Maguelone Cabrol